Turbo 'yar Beljiyam ba faranti: ta yaya za a gane ta?

Mai tifa, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum. Turbon tifata Howo, wato na'urar da ke tura wa inji iska, ta fara kuka, hayaƙi baƙi ƙirin, idan an loda yashi ba ta iya hawa. Na samu wata 'yar Beljiyam wurin mai kayan gyara, amma farantin lambarta ya fita, sunan kamfanin Holset kawai ya rage a jiki. Ya ce irin tawa ce. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya haska mini kafin in biya.

Bakanike, Jega:
Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Yawancin Howo masu injin WD615 da suka shigo garejina HX50 suke ɗauka, wasu HX50W, wato mai ɗan tulun nan a gefe da ke sakin hayaƙi idan matsin iska ya yi yawa. Amma sunan HX50 kaɗai bai isa ba, gida ne mai 'ya'ya da yawa. Abin da ke raba su ita ce lambar haɗi da ke kan faranti. Tunda wannan ba ta da shi, ka duba na tsohuwarka, ka ɗauki hotonsa. Sannan a kwance kwanon gaba na duka biyun, a ƙirga fukafukan farfela, a auna faɗinta sama da ƙasa da baniya, wato ma'aunin faɗi da kauri na bakanikai. A gwada ramukan noti na bakin manifol, wato bututun da hayaƙin inji ke fitowa, da inda bututun baƙin mai ke shiga da fita. Idan ɗaya ya saɓa, mayar masa da abinsa.

Direban tirela, Kamba:
Abin da Oga ya faɗa ya faru da mu. An aiko wa maigidana katirij, wato cikin turbo mai farfelar gaba da ta baya a kan shaf ɗaya, daga Kano, suna ɗaya da namu, ya zauna a kwano daram. Ashe farfelar baya ta ɗan fi ƙanƙanta. Da lodin shinkafa ko Bunza ba mu kai ba mota ta koma numfashi.

Tsohon bakanike, Argungu:
Yarana, ku ƙara da wannan. Kama kan shaf da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, mai ne ke cike wurin idan inji ya tashi, muddin farfela ba ta gogar kwano. In tana shiga tana fita kuwa, ta gama aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya sa sabuwa bai nemi abin da ya kashe tsohuwa ba. Cikin waɗanda munka buɗe, mafi yawa ƙurar hunturu ce ta bi ta yagaggen tiyo ko matatar iska ta cinye bakin fukafukai, ko kuma bututun mai ya toshe da daskararren baƙin mai. Abin da ke juyi sama da sau 100,000 a minti ba ya jure ƙishin mai ko na ɗan lokaci. A sauya mai da filta, a wanke intakula mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, a ɗura mai cikin turbon kafin a tada inji.

Mai kayan gyara, Yauri:
Ni ina sayar da bushin da zobba daban, amma idan farfela ta gutsire ko shaf ya lanƙwashe ba na ba da shawarar haɗawa a gareji, don babu na'urar daidaita nauyi. Cikakken katirij mai lambar da ta dace ya fi kwanciyar hankali.

Mai tifa, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Farantin tsohuwar yana nan, kuma tana da tulun a gefe, waccan ba ta da shi. Baba na Argungu, yaron gareji ya ga tsaga a tiyon iska. Gobe in Allah ya so za mu buɗe mu duba fukafukan.