Kyamarar auna zafin fata kafin tiyatar rage tumbi

Maman Biyu: Assalamu alaikum. An cire mini matsarmama ta hanyar yanka a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yanzu kuma ina son tiyatar rage tumbi, wato ta cire fata da kitsen da suka yi yawa a ciki. Likita ya ce sai ya duba cikina da kyamarar auna zafi. Mene ne amfaninta?

Malamar Jinya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A wannan tiyata ana ɗaga fatar ciki, ana yanke ƙananan jijiyoyin jini da ke ɓullowa daga tsoka, sai fatar ta dogara da jinin da ke zuwa daga gefen haƙarƙari. Tabonki yana kan hanyar wannan jini, kuma fatar da jini bai ishe ta ba tana iya mutuwa. Ana sanyaya fatar tukuna, sai kyamarar ta nuna wuraren da suka fara ɗumama, wato inda jijiyoyi suke da rai.

Yaya Babba: Gaskiya ne, amma zafin saman fata kaɗai take gani, shi ya sa likitoci kan tabbatar ta hanyar amfani da na'urar Doppler, wadda ke gano gudanar jini a cikin jijiya. Tabon tiyatar haihuwa bai kai wannan haɗari ba, domin galibi ana cire shi tare da fatar da ta yi yawa.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri.