Netflix ɗina zan iya ba ƙanena?

Ɗan_Gyallesu: Salam jama'a, ina biyan Netflix duk wata, ƙanena yana hostel a Samaru yana ta damuna in ba shi password, wai akwai matsala ne tunda ba gida ɗaya muke kwana ba?

Hajjo_TW: Tun 2023 suka tsaurara yayana, a wajensu "gida" shi ne wanda kuke kallo da intanet ɗaya, suna ganewa ta IP (adireshin intanet ɗinku) da na'urar da aka shiga da ita, a TV aka fi kamawa.

Baban_Ummi: Idan ya shiga daga wani wuri za su iya turo maka code ta email, na ɗan lokaci ne fa. Ka biya masa Mobile plan kawai, waya ɗaya, ya fi arha.

Ɗan_Gyallesu: Shi da kuɗin data ma ni ke biya 😅