In rubuta uwar garken da kaina ko in ci gaba da haya?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu harkar manhaja, ina neman shawararku. Ina kula da manhajar wani ɗan ƙaramin kamfanin dakon kayan alhazai daga Jidda zuwa Kano. Ma'ajiyar bayanai, shigar masu amfani da saƙon waya duk wani kamfanin waje muke biya ya riƙe mana.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ke kula da ita, ta fara aiki sosai a Satumban 2024, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Mu kuwa lambobin fasfo da na wayar bayin Allah muke ajiyewa, amana ce babba. Sannan ga Fatoora, tsarin rasit na lantarki na ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastan ta Saudiyya: a mataki na biyu dole rasit ya fita a tsarin fayil na XML da hatimin lantarki da lambar QR, na mai saye ɗaiɗai kuma a kai rahotonsa cikin awa 24.

Zuciyata ta karkata ga in gina da kaina da Django (kayan gina manhaja) da PostgreSQL (ma'ajiyar bayanai) a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhaja, cikin Saudiyya. Sai dai ni kaɗai ne. Idan ta faɗi tsakar dare bayan saukowa daga Arfa, lokacin da kaya ke tuɗaɗowa, wa zai tashe ta? Ajiyar kwafi da tsaro ma duk a wuyana.

Don Allah, wanda ya haɗa da ZATCA da hannunsa, wahalar sabunta takardar shaidar hatimin ta kai a biya dillali? Kuma raba aikin, bayanan fasfo a kan uwar garkenmu, saƙon waya a haya, zai gamsar da dokar?