Neman shawara: waɗanne gyare-gyare zan iya yi da hannuna a gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani. Kuɗin kiran masu gyara a kan ƙananan abubuwa ya fara yi mini yawa. Yanzu haka abu huɗu ne a gabana: famfon kicin yana ɗiga ko an ɗaure shi tam, tankin bayan gida yana ta shan ruwa dare da rana, ƙofar ɗaki ta sauka tana gogar ƙasa, sannan bangon falo ya tsage. Wanne zan taɓa, wanne zan bari? Kuma wane kayan aiki zan fara saya? Allah ya saka da alheri.

Mai aikin famfo:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da famfon, kuma don Allah ku daina ɗaure shi da ƙarfi, wannan ɗaurin shi ke ƙara ɓata shi. Famfon da ake murzawa zagaye da yawa yana da 'yar roba a ciki, ita ke sauka ta danne bakin da ruwa ke fitowa. Da ta tsufa sai ta taurare ko ta tsage, ruwa ya samu hanya. Kada ka raina ɗigon nan: ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya fi lita 11,000 a shekara.

Ka rufe ruwan daga makullin da ke ƙarƙashin sinkin, in babu ka rufe na gidan gaba ɗaya, sannan ka buɗe famfon ya tsiyaye. Toshe ramin sinkin da tsumma, don ƙaramin sukur ba ya da wuyar faɗawa ciki. Ɓalle murfin da ke saman hannun famfon, ka kwance sukur ɗin da ke ƙarƙashinsa, ka zare hannun. Za ka ga babban noti na tagulla. Sa sifana ka kwance shi zuwa hagu, amma ɗaya hannun naka ya riƙe jikin famfon sosai. A nan mutane suka fi yin ɓarna: notin ya cije, su danna da ƙarfi, famfon ya juya gaba ɗaya ya murɗe bututun da ke ƙasa, ƙaramin gyara ya koma babba. In ya cije, fesa man kwance tsatsa ka ba shi minti 15.

Robar tana ƙasan abin da ka zaro. Famfon sinki yawanci na rabin inci ne, amma kada ka saya da ka, ɗauki tsohuwar ka je da ita a gwada. Kafin ka mayar, zura yatsa ka shafa mazaunin robar a cikin famfon. In ka ji kaushi ko rami, sabuwar robar ma ba za ta daɗe ba, sai an goge wurin ko a canza famfon.

Abu biyu da za su iya ruɗa ka. In ruwan daga gindin hannun yake fitowa lokacin da famfon ke buɗe, ba waccan robar ba ce, siririyar roba ce mai kamar zobe da ke jikin sandar da hannun ke juyawa. In kuma famfon irin wanda ake juyawa kwata ɗaya kawai ne, babu irin wannan robar a cikinsa, wasu faifai biyu ne na tangaran, kuma ba a gyara su, dukan cikin ake canzawa. Shi ma ka je da tsohon, domin tsawonsu da yawan haƙoran kansu sun bambanta.

Wata 'yar'uwa:
Ƙari a kan abin da mai aikin famfo ya faɗa: ka gwada makullin ruwan tun kafin ka kwance komai. Wanda ya shekara ba a taɓa shi ba yakan ƙi rufewa, in aka matsa masa ya karye. Kuma ka riƙa ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, wajen mayarwa za ka gode wa Allah.

Wani mai aikin famfo:
Ni zan ɗauki maganar tankin. Cuta biyu ce ke kama da juna, sai ka rarrabe su kafin ka sayi komai. Cire murfin ka ajiye shi a ƙasa a kan tsumma, ka duba inda ruwan ya tsaya.

In ruwan ya hau har yana zuba cikin bututun ambaliya, wato wanda ke fitar da rarar ruwa in tankin ya cika fiye da kima, matsalar wajen shigowa take. Ɗaga ƙwallon da ke yawo a kan ruwan da hannunka. Ruwa ya tsaya? To saiti ne kawai, ka sauke ƙwallon har ruwan ya riƙa tsayawa kamar santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin bututun. In ka ɗaga bai tsaya ba, robar da ke cikin bawul ɗin da ruwa ke shigowa ta cikinsa ta mutu ko yashi ya maƙale mata. Rufe ruwa, kwance, wanke, in ta huje ka canza.

In kuwa ruwan bai kai bututun ba amma tankin bai daina sha ba, ta ƙasa yake zurarewa. Zuba 'yar kalar abinci a tankin, kada kowa ya ja ruwa har minti 15. Kala ta bayyana a cikin masan, robar da ke toshe ƙasan tankin ce ba ta zama daidai. Wani lokaci datti ne, gogewa ta isa. In ta kumbura ko ta lanƙwashe, sai sabuwa. Notin roba na tanki da hannu ake ɗaure shi, sifana ta ƙara kwata ɗaya kawai, fiye da haka tsagewa yake yi.

Kafinta:
Ƙofar ba ta da wuya. Kusan kullum hinjin sama ne, domin shi nauyin ƙofar ke ja. Buɗe ta ka kama bakinta ka ɗaga, in ka ji tana wasa ka ga mai laifin. Cusa katako ko kwali a ƙarƙashinta ya ɗauke nauyin, ka ɗaure sukurorin. Wanda yake ta juyawa ba ya kamawa, raminsa ya buɗe. Cire shi, ka shafa wa tsinken ashana uku ko huɗu gam ɗin katako, ka cusa a ramin, ka karya abin da ya leƙo, ka bari ya kwana, sannan ka mayar da sukur ɗin, in da hali wanda ya fi tsohon tsawo.

Kada ka yi saurin kankare ƙasan ƙofa, abin da ka kankare ba ya dawowa. Sai in hinji lafiya lau yake kuma danshi ne ya kumbura katakon. Ko a nan ma kaɗan za ka rage, ka shafa fenti a wurin don kada ya sake shan ruwa. In ƙofar ƙarfe ce hinjin ya ɓalle daga walda, wannan na mai walda ne.

Magini:
Malam, tsagar nan ita ce ban so ka yi wa gaggawa. Shafe tsaga ba wuya, sanin abin da ya kawo ta shi ne aikin. Sa fensir ka yi alama a ƙarshenta biyu, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka sake dubawa bayan mako huɗu zuwa shida.

In siririya ce kamar gashi, ba ta kai milimita 2 ba, kuma ba ta motsa ba, ta filasta ce. Buɗa ta kaɗan da bakin cokalin gini, share ƙurar, jiƙa wurin, ka cike. Inda filasta ta ɓamɓare, kwaɓa siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 4 ko 5. Jiƙa bangon kafin ka liƙa, in ba haka ba busasshen bulo zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi yana marmashewa. Ka riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, kuma kada fenti ya hau sai ya bushe sarai.

Amma in ta kai milimita 5, ko tana ƙaruwa, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko kana ganinta ciki da waje, ajiye cokalin ka kira injiniyan gini. Ina so ka duba wani abu: ƙofar da ta sauka, a jikin bangon da ya tsage take? In haka ne kuma hinjinta lafiya, wataƙila ginin ne ke zama, ba ƙofar ba.

Mai aikin lantarki:
Kayan farawa: sifana mai saiti, filaya, sukurdireba mai faɗin baki da mai tauraro, guduma, tef na awo, farin tef na famfo, testa ta gwada wuta da tocila. Farin tef ɗin a kan zaren bututu, wato haƙoran da noti ke hawa, kaɗai ake naɗa shi, zuwa dama yadda noti ke shiga, in ka naɗa a baibai warwarewa zai yi.

Ba ka tambayi wuta ba, amma wanda ya fara gyara yakan kai can. Kashe makunnin bango bai isa ba, daga babban akwatin wuta ake kashewa, a tabbatar da testa. Soket da ya yi baƙi ko yake ɗumi, wataƙila waya ce ta saki a ciki tana zafi, a daina amfani da shi nan take. Akwatin wuta kansa, jan sabuwar waya da duk abin da ya shafi iskar gas, ka bar wa masu sana'ar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na ɗaga ƙwallon ruwan ya tsaya. Sai dai sandarsa ta roba ce, ba ta lanƙwasuwa. Ƙofar kuma ba a bangon da ya tsage take ba.

Wani mai aikin famfo:
Madalla. Kada ka lanƙwasa ta, karyewa za ta yi. Duba gindin sandar kusa da bawul, akwai sukur na roba mai ƙaramin noti. Sassauta notin, ka juya sukur ɗin zagaye ɗaya, ka ja ruwa ka ga inda zai tsaya. In sama ya ƙara yi, juya ɗaya ɓangaren. Da ya tsaya inda ake so, sai ka ɗaure notin.