Shin bairos na da hannu a ciwon dasashi?

Malama Rabi ta rubuta:
Assalamu alaikum. A karatun da muka yi na kula da lafiyar baki, an koya mana cewa dattin da ke taruwa a gindin haƙori da bakteriyar da ke cikinsa su ne ke kumbura dasashi, har ciwon ya ci ƙashi, haƙori ya fara girgiɗa. To amma me ya sa ake samun matashi mai goge baki da buroshi ko asuwaki a kai a kai, sai ciwon ya cinye gindin haƙori biyu ko uku, ya bar na kusa da su lafiya lau? Na ji ana danganta hakan da bairos na dangin hapis, shi ne nake neman ƙarin bayani.

Likita Sanusi ya amsa:
Wa alaikumus salam, Malama. Irin wannan tambayar ce ta sa Jørgen Slots na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka da abokan aikinsa suka karkata ga bairos tun a shekarun 1990. Guda uku daga dangin hapis aka fi ambata: Epstein-Barr, da saitomegalo, da wanda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Yawancin mutane suna kamuwa da su tun suna ƙanana, kuma ba sa barin jiki, sai dai su lafa har lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni. Idan suka farfaɗo a cikin dasashi, sukan shiga ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, su rage musu ƙarfi, su kuma sa su fitar da sinadaran kumburi masu zaizaye ƙashi, ta haka bakteriya irin su Porphyromonas gingivalis ke samun sarari su yawaita. Masu wannan ra'ayi sun ce shi ya sa ciwon yake taso wa wasu haƙora kaɗai, kuma yake yin ɓarna na ɗan lokaci sannan ya yi shiru.

Malam Habibu ya ce:
Likita, a yi mini afuwa, amma ina ganin ya kamata a yi hattara. Samun bairos a inda ciwo yake bai tabbatar da cewa shi ya haddasa shi ba, domin yana iya yiwuwa ƙwayoyin jinin da kumburi ya janyo ne suka zo da shi wurin.

Likita Sanusi ya sake amsawa:
Maganarka tana kan hanya, Malam, kuma saboda haka ne har yau ba a sa maganin bairos cikin maganin da aka saba bai wa mai wannan ciwo ba. Wanke haƙora a asibiti har ƙarƙashin dasashi shi ne ginshiƙi. Inda na fi ba batun muhimmanci shi ne wajen yara. Binciken da aka wallafa a 1997 kan yara a Najeriya ya gano waɗannan bairos, musamman saitomegalo, sun fi yawa a bakin masu gyambon dasashi mai wari da zubar jini, wanda kan biyo bayan tamowa ko ƙyanda, kuma shi ne kan rikiɗe ya zama cutar da ake kira noma, mai cin naman baki da fuska. Duk yaron da aka ga haka a bakinsa, a kai shi asibiti a ranar.