Bakin kabaid na ɓarewa bayan yankan waya

Ɗan Koyo: Salamu alaikum, manya. Na yanka wuƙar fitar da siffa ta kabaid (haɗin ƙarfe mai tsananin tauri) a injin EDM, mai yanka da tartsatsin lantarki a cikin ruwa, da wayar tagulla mai kaurin milimita 0.25. Ina ɗora ta kan aiki bakin ya ɓare. Ina na kuskure?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Cikin ruwan injin ta kwana ko? Ƙarfen kobalt ne ke riƙe ƙwayoyin kabaid, shi kuwa ruwa da lantarki cinye shi suke yi, sai bakin ya riƙa marmashewa. Kana gamawa ka tsame ta, ka busar.

Mai Gemu: Yankan farko ma yakan bar ƙananan tsaga. Rage wuta, ka sake bi sau uku ko huɗu.

Ɗan Koyo: Wallahi kwana ta yi, Oga. Bi ɗaya na yi na gudu gida.