Shin koyon tekwando ko judo na gyara halin yaro mai saurin fushi?

Uwar Ƴan Maza: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 8, ba ya da mugunta amma zuciya gare shi. Abu kaɗan a lakwal ya kai hannu, in kuma aka fi ƙarfinsa ya wuni yana kuka. An ba ni shawarar in sa shi tekwando ko judo a nan Maradi. Tsorona kada in ƙara wa wuta fetur. Masu sani, da gaske wasan yana gyara hali? Wane ya dace da shekarunsa, kuma me zan duba kafin in miƙa shi?

Malamin Judo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana kan hanya. Wasan shi kaɗai ba ya gyara kowa. Abin da ke gyara yaro shi ne yadda malami ya tsara horon, da abin da yake yabawa, da abin da yake hanawa. A 1986 wani masani a Amurka, Michael Trulson, ya raba matasa masu rigima gida-gida na wata 6. Waɗanda aka koya wa tekwando haɗe da ladabi da natsuwa, zafin kansu ya ragu. Waɗanda aka koya wa bugu da kariya zalla, nasu ƙaruwa ya yi. Don haka malamin za ki fara tantancewa kafin wasan.

Ki je ki zauna ki kalli horo guda daga farko har ƙarshe, ba tare da yaron ba. Na yara ƴan shekara 7 zuwa 10 bai kamata ya wuce minti 60 ba, sau 2 ko 3 a mako. Tsari mai kyau kusan haka yake: minti 10 na ɗumama jiki da guje-guje, minti 10 na koyon faɗuwa, minti 20 na dabara ɗaya ko biyu, minti 10 na gwaji tsakanin yara biyu-biyu, sauran kuma a zauna shiru a daidaita numfashi.

Abin da za ki fi zuba wa ido shi ne kalmar tsayawa. A judo ana cewa "mate", a karate "yame". Idan malami ya faɗe ta, dole kowa ya saki nan take, ko da yana gab da kayar da abokinsa. Yaro mai zuciya matsalarsa ke nan: in jininsa ya hau ba ya iya taka birki. A filin horo kuwa, sau da yawa a yini guda ana tsayar da shi daidai lokacin da zuciyarsa ke bugawa da ƙarfi, ya saki, ya gyara ɗamara, ya koma wurinsa. Maimaitawar nan ce ke zama ɗabi'a. Idan kika ga malami ya ce a tsaya amma wani ya ƙara bugu ɗaya kuma aka kyale shi, ko ma aka yi dariya, ki ɗauki jakarki ki tafi.

Sai faɗuwa. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, ya gina wasan kan amfanin juna, shi ya sa ba a barin yaro ya kayar da kowa sai ya iya faɗuwa. Ana koya masa ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa baya, ya daki katifa da dukan hannu daga kafaɗa zuwa tafi, hannun a ɗan ware daga jiki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya tokare ƙasa da tafin hannu a miƙe, nan ne ake samun targaɗe ko karaya a wuyan hannu da gwiwar hannu. Ana farawa daga kwance, sai tsugune, sai tsaye, kuma makonni ake ɗauka. Yaron da ke faɗuwa ya tashi sau 20 a yini gaban ƴan uwansa, ba wanda ya yi masa dariya, a hankali kaye yakan daina zame masa abin kunya. Ga irin yaronki mai kuka in an fi ƙarfinsa, ni judo zan zaɓa saboda wannan. Shaƙe wuya da murɗe hannu ba na yara ba ne, ba a koya musu.

Tsohon Ɗan Kokowa: Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma ƴata, kada ki manta da namu na gida. Maradi garin kokowa ne. Yakuba Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi a gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, ɗan Maradi ne, kuma filin kokowarmu sunansa yake ɗauke da shi. Kokowa tana koya wa yaro abin da Malam ya faɗa: ka shiga fili kai kaɗai, alƙali ya busa ka saki, wanda ya kayar ya miƙa hannu ya tada wanda ya faɗi, a rungumi juna. Ba sai an sayi kimono, wato kayan da ƴan judo ke sawa, ba, rairayi mai laushi da aka tsince duwatsu da kwalabe ya isa.

Inda ake ɓatawa wuri biyu ne. Na farko haɗa yara da shekaru maimakon nauyi. Ƴan shekara 9 biyu, wani ya fi wani da kilo 10, ƙaramin zai sha ƙasa kullum har ya tsani wasan, babban kuma ya saba da cin zali. A riƙa haɗa waɗanda tazararsu ba ta wuce kilo 2 ko 3 ba, a kuma riƙa sauya abokin karawa. Na biyu ƴan kallo. Manya su zagaye yara suna zuga, ana yi wa wanda ya faɗi ihu, wani har ya sa kuɗi. Kirari da kiɗa na manya ne da suka san yadda ake haɗiye kaye. Dambe kuwa kada ma a kawo maganarsa ga yaro, bugun kai ne.

Ma'aikaciyar Lafiya: Yaya, ga ɓangaren jiki. Idan yaron yana da amosanin jini, asma ko farfaɗiya, likita ya fara ganinsa kuma malami ya sani. Bayan zazzaɓin cizon sauro a bar shi ya murmure sosai. A watan Afirilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, don haka horo ya zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa kowane minti 15 zuwa 20. Malamin da ke hana ruwa wai don yara su yi tauri bai san aikinsa ba. A yanke farce, a duba kai saboda makero, yana yaɗuwa ta katifa da haɗa jiki. In yaro ya bugu a kai, wasan ranar ya ƙare. In amai ya biyo baya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan barci da ruɗewa, asibiti kai tsaye.

Metir na Tekwando: Hajiya, tekwando ma yana yi, musamman ga yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Jerin motsin da ake haddacewa, taku bayan taku, yana tilasta masa tara hankali. Yara da yawa sun shigo wasan ne bayan Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, to amma kada a sa wa ɗan shekara 8 burin lambar yabo. Gwajin bugu sai da rigar ƙirji, hular kai, kariyar ƙwauri da ta haƙori, kuma ƙanana ba a ba su damar bugun kai.

Rabin aikin yana gida. Makonnin farko za ki iya ganin yana gwada shuri a kan ƙannensa. Ba lalacewa ya yi ba, ɗoki ne. Ki kafa doka ɗaya tare da malami: abin fili a fili yake tsayawa, wanda ya karya zai zauna gefe ya kalli horo na gaba. Hukuncin ya fito daga bakin malami, ya fi shiga. Kada mahaifinsa ko yayyensa su ce masa "yanzu ka iya, duk wanda ya taɓa ka ka rama", kalma ɗaya irin wannan tana rushe aikin wata guda. In ya dawo kada tambayarki ta farko ta zama wa ya ci. Ki tambaye shi me ya koya, wa ya taimaka wa. In fushi ya taso masa a gida, ki tuna masa numfashin da suke yi a ƙarshen horo: ya ja iska yana ƙirga 4, ya sake ta yana ƙirga 6, sau biyar.

Maganar rusunawar da ake yi wajen gaisuwa a judo da tekwando, iyaye da yawa a garin nan ba sa sonta saboda addini. Ki faɗa wa malamin tun ranar farko. A wurin horo ana iya yin musabaha ko ɗora hannu a ƙirji, sai dai a gasa ta hukuma dokar wasan na neman gaisuwar, gara ku san da haka tun yanzu. Malamin da ke dukan yara, ko zagi, ko sa tsallen kwaɗo don wulaƙanci, ko hana iyaye kallo, ba wurin yaronki ba ne.

Uwar Ƴan Maza: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wata nawa zan jira kafin in san ko yana amfana?

Malamin Judo: Ki ba shi wata 3 ba fashi. Ki roƙi mushensa na lakwal da malamin allo su riƙa gaya miki duk ranar da aka yi faɗa, ki rubuta. Ki lura da abu biyu: yawan faɗan, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce. Na biyun ne ke fara sauyawa. In bayan wata 3 faɗa ya ƙaru, ko ya fara ciwon ciki duk ranar horo, ko yana ɓoye abin da ke faruwa a can, ki sauya malami, ki kuma bincika ko wani ne ke cin zalinsa a lakwal ko a unguwa.